Wanda Ya Koyar da Ikrima

Rahmatu ta gama sakandare kafin aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Minjibir. Da malaman firamaren garin suka daina zuwa, sai ta ɗauki karatun 'ya'yanta takwas. Tana surfe tana biya musu, tana rubuta lissafi da gawayi a jikin rumbu, har shekara goma sha ɗaya.

Ranar da babbansu, Ikrima, ya samu kwaleji, maza suka cika zaure. Daga madafi ta ji liman yana tambayar wanda ya koyar da shi.

"Ni na tsaya a kansa," in ji mijinta Sabo, wanda ko takardar bai iya karantawa ba.

Ikrima yana wurin, bai ce komai ba. Shirunsa ne ta kasa yafewa.