Ruwan da na tsaya jira ya ɗauke

Har yau ban manta da safiyar da na tsare Alhaji Garba a masauki a birnin Edinbura na ƙasar Sikotilan ba. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka fara aikin kula da tsofaffi, don kada ku yi irin tawa.

Shekara goma sha tara ina tuƙa Alhaji a Minjibir. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai aikina ya koma ba shi magani a kan lokaci, da taya shi alwala, da tura kekensa. Da 'yarsa Binta ta gama karatu a Sikotilan, ya ce sai ya ji an kira sunanta da kunnensa. Likita ya yarda, amma ya ce a kiyaye shi da sanyi. Matarsa Hajiya kuma, da za mu bari a gida, ta ja ni gefe ta ce, "Sale, kada ruwa ya taɓa shi." Na rubuta wannan a takardar magani, na ja layi biyu.

Ranar bikin kammala karatun, Binta ta fita da wuri don karɓar rigar bikin. Ƙarfe goma sha ɗaya za a fara, kuma daga masaukinmu zuwa zauren taron tafiyar minti goma ce a ƙasa, don an rufe layin ga motoci. Tun asuba ake yayyafi. Na ce mu ɗan jira. A wurinmu ai haka ake yi: hadari ya taso daga gabas, ya zuba, ka fake a zaure, ya wuce. Na tsaya a taga ina neman inda sama za ta washe, amma ko'ina launin toka ne, ba gabas ba yamma. Mutane kuwa suna ta wucewa abinsu, har da wata tsohuwa da karenta.

"Sale," in ji Alhaji, "kai da tagar nan akwai alkawari ne?"

"Yanzu zai ɗauke, ranka ya daɗe."

"Haka ka ce tun ina shan shayi."

Har ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Matar da ke da masaukin ta gan mu cikin manyan riguna a bakin ƙofa. Da ɗan Turancina na firamare na gaya mata ruwa muke jira ya tsaya. Ta dube ni da tausayi, ta ce wataƙila Juma'a. Ranar kuwa Talata ce. Ta shiga ta fito da bargon ulu da wata babbar rigar leda mai rufe mutum da kekensa, ta marigayin mijinta.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai na kira Hajiya a waya.

"Ruwa?" ta ce. "Mu nan gero har ya fara murɗewa, roƙonsa muke yi. Kai Sale, to don me muka kai shi can? Lulluɓe shi ku tafi!"

Na lulluɓe shi, ido da gemu kawai ake gani. Titin na duwatsu ne irin na da, ga santsi ga hawa, keken na ta karkarwa. Gine-ginen baƙaƙe ne dogaye, ga tsohuwar ganuwarsu can a kan dutse cikin hazo. Alhaji ya zaro hannu ya tari ruwan, ya ce, "Da gonata ta samu rabin wannan." Na mayar da hannun ciki.

Mun shiga zauren ana ta tafa hannu. Binta ce ke saukowa daga dandamali da takardarta a hannu. An riga an kira sunan. Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ta hango shi, ta dafe ƙirji.

Bai taɓa yi mini maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. Ni ne dai nake lissafin mintunan nan.

Abin da na koya shi ne, umarni yana da dalili, kuma dalilin ake bi. Idan kun je baƙon wuri, ku tambayi mutanensa tun da safe, kada ku auna samansu da namu. Wanda kuke kula da shi kuma ba jiki ne kawai ba, yana da abin da ya fito nema.

Da muka koma masauki na cire masa takalmi, na taɓa safarsa. Ko danshi babu.