Darasin da Aka Soke wa Yaƙubu

A Tama ba mai kiran Yaƙubu da sunanshi, sai dai "Filozof". Ya yi karatun falsafa a jami'a, can Yamai, har shekara ta uku. Darasi ɗaya, wato tsohon Girkanci, ya hana shi samun lisansi, digirin farko. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar, sai ya tattara ya dawo gida noman albasa.

Amma bai haƙura ba. Shekara takwas yana ban ruwa a garka yana haddar Girkanci da ƙarfi, har maƙwabta suka fara shawarar a nemo mashi mai ruƙiyya.

Da ya ji ya ƙoshi, sai ya hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai. Sakatariyar sashen, Madam Hulda, ta buɗe dosiyenshi na takardun karatu.

"Mushe Yaƙubu, ai an canza tsari. Yau shekara biyar da soke wannan darasin."

"An soke? To ni da na haddace shi fa, Madam?"

"Allah shi ba da lada. Zaɓi madadinshi: ko ƙididdiga, ko tunanin gargajiya. Na biyun, hira za ka yi da wani dattijo, ka kawo rahoto."

Yaƙubu ya miƙe ya zuba mata Girkanci don dai wani ya ji. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta miƙa mashi bik, alƙalamin sa hannu. Shi da lissafi ba su shiri tun firamare, don haka ya sa hannu a na biyun.

Da ya koma Tama, dattawan gari kowa ya ce yana da uzuri. Gwaggonshi Altine mai tuyar masa ce kaɗai ta yarda.

"Gwaggo, mi ake nufi da gaskiya?"

"Ɗan nan, har Yamai ka tahi ba su gaya maka ba? Zauna."

Kwana uku tana juya masa tana bayani, yana rubutu. Rahoton ya ci sha bakwai bisa ashirin, makin da bai taɓa gani ba. Malamin ya rubuta a gefe cewa hujjojin Malama Altine suna da ƙarfi, sharhin ɗalibin ne mai rauni. Yaƙubu ya yi kuskuren fassara ma Gwaggo wannan.

Ranar da takardar lisansi ta iso, Gwaggo ta karɓe ta rataye a ɗakinta, saman jeren kwanoni.

"In kana son gani," ta ce, "ka zo ka yi sallama."