Tiren da Ya Ƙare Kafin Ƙarfe Goma

Duk wanda yake kwana a Jikwoyi yana aiki cikin gari ya san Mama Lucy, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan mai ɗaura ɗankwali kamar za ta je rabon faɗa, wadda ke ratsa motoci da tiren ƙosai a mararrabarmu tun da asuba. Shekara goma sha bakwai ta yi a wurin. Daga wani ƙauye na wajen Pankshin ta zo da mijinta Bernard, direban tifa. Da ya rasu ba ta koma ba, saboda 'yarta Felicity tana makaranta a nan.

Abin da muke tsinewa kullum, shi ne gonarta. Gosulon mararrabar nan yakan riƙe mutum awa guda cur, ga zafi ga hayaƙi, ma'aikata da kwat suna zage-zage kamar 'yan tasha. Ita kuwa ta san kowace mota da cikin mai ita. Alhaji Abdulmajeed mai farar mota ba ya cin yaji. Direbobin bas na Nyanya sai an ƙara musu gyara. Ni kuma, da nake lafewa a kujerar baya ta bas, ta taga take miƙo mini nawa tana cewa, "Nazeefa, ci mana, kin rame kamar tsintsiya." Ba ta taɓa komawa gida da ƙwaya ɗaya ba. Kafin ƙarfe tara tiren ya zama wayam.

Sai aka ce za a faɗaɗa titin, a ɗora gada a kan mararrabar. Kamfanin da nake wa aiki aka ba binciken abin da aikin zai jawo wa tattalin arzikin jama'a. Cikin aikinmu har da rubuta masu sana'ar da gadar za ta tasa, domin a ba su rumfa a sabuwar kasuwar da za a gina gefen tasha. Wanda sunansa ya shiga takarda ya tsira. Wanda bai shiga ba, sai dai wani ikon Allah.

Na je da kaina na gaya mata. "Mama, ranar Talata kada ki tafi da wuri. Ki jira mu."

Ta jira. Amma motar ofis ba ta barin Garki sai tara ta gota, domin masu binciken cunkoso ba sa son shiga cunkoso. Muka iso goma da kwata, titi fayau, kamar ba a taɓa yin gosulo a wurin ba. Mama Lucy na zaune a kan dutse, ta ci ado da zanen zuwa coci, tiren a wanke ƙal a kan cinyarta.

Ogan tawagarmu, Malam Tawfiq, mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ba ta ɗaga kai daga takarda. Ƙa'ida ta ce sai an ɗauki hoton mutum da kayan sana'arsa. Ya dubi tiren ya ce, "Madam, ina kayan?"

"Ya ƙare, oga. Kullum yana ƙarewa."

"To ai babu abin da zan ɗauka."

Na ce, "Yallaɓai, na san ta, ni ma a wurinta nake saye." Ya ce in sani ne, kowa a nan yana da wanda ya san shi. Na yi shiru. Wata uku ke nan da ɗaukata aiki, na ji tsoro, kuma har gobe ina jin kunyar shirun nan. A gabana aka rubuta mai burodin da ya kwana uku bai sayu ba, aka rubuta mai lemon da ya fara ruɓewa. Duk wanda kasuwa ta ƙi, ya samu rumfa. Wadda ta fi kowa iya sana'ar aka bari da tire a hannu.

Bayan shekara biyu aka buɗe gada. Ba zan yi ƙarya ba, ta yi amfani. Yanzu ina sallar asuba a nutse, har in karya a gida. Masu naƙuda suna isa asibiti, tumatir na isa kasuwa bai narke ba. Rahotonmu na ƙarshe ya ce kowane matafiyi ya samu rarar minti arba'in a rana, kuma da hannuna na buga wannan layin.

Mama Lucy ta ci gaba da fitowa. Takan tsaya a gindin gada, motoci na wucewa ta samanta fuu. Wani lokaci Alhaji Abdulmajeed ya danna mata oda daga sama, ta ɗaga hannu, shi ke nan. Ta gwada tasha, masu rumfa suka kore ta. Ta gwada bin gidaje, gwiwa ta ƙi. Da zangon karatu ya zagayo, Felicity ba ta koma makaranta ba.

Ran nan na je ɗakinta, na tarar ana ɗaure kaya, za su koma ƙauye. Kaskon suya na jingine a bakin ƙofa, an riga an yi masa mai saye. Ta tambaye ni abin da muka rubuta a takardar. Na gaya mata zancen minti arba'in.

Ta jinjina kai. "Ya yi kyau. Allah ya sa albarka." Sannan ta ce, "Ku minti arba'in aka ba ku. Ni yini guda aka ba ni, my daughter, ban san abin da zan yi da shi ba."

Sai hawaye suka zubo mini. Ita ce ma ta koma lallashina. Da na tashi tafiya ta kira ni, ta miƙo mini ƙunshin ƙosai a takarda, ya huce tun safe.

"Tafi da shi," ta ce. "Yanzu yana ragewa."