Ranar da Yaya Habu Ya Leƙa Rumbu

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, gidanmu na Azare ya rasa sukuni. Yayanmu Habu ne ya dawo, ɗan farin Baba. Da kumatunsa ya tafi, ya dawo sai idanu. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya fita zaure, ya dawo tsakar gida, ya kewaya rumbu, ya sake fita, har mu yara muka haddace ƙarar takalmansa. Da farko tausayinsa ake ji. Sai akuyar Inna ta ɓata, aka gan ta a hannun mahauci. Daga baya aka tarar ya huda rumbu ta ƙasa, yana tarar gero yana kaiwa kasuwa, kuɗin su tafi a taba da caca.

Da wani gida ne, uba ya zaunar da ɗansa a yi ta ta ƙare. Amma Baba mutum ne mai riƙon kunyar ɗan fari. Ba ya kiran sunan Yaya, ba ya zama inda yake, sai dai ya ce "yaron nan". Shi kuma Baba ɗan farin Kaka ne, ita ma ba ta kiran sunansa balle ta yi masa faɗa ido da ido. Ga mutum uku a gida, kowa cikinsa fal da magana, babu mai iya gaya wa wani. Abin ya ba ni haushi tun ina yarinya, har yau ma yana ba ni. Sai ta bakin Baffa, ƙanen Baba, saƙo ya iso wa Yaya, cewa da an cire amfanin gona ya nemi inda zai zauna. Shi ko bai jira kaka ba, ya ɗaure kayansa, ya ce ranar kasuwa zai bi motar Kano.

Damina ta yi tsakiya a lokacin. Bayan sallar isha'i Kaka kan hura wuta a ƙofar ɗakinta don hayaƙi ya kori sauro, mu kewaye ta. 'Yar masuntan Katagum ce, kuma ba ta taɓa yafe wa Azare rashin kogi ba, shi ya sa duk tatsuniyarta sai ta jiƙe da ruwa. Daren jajiberin kasuwar ta kasa zama daidai. Ta tura itace, ta janye, ta kalli ɗakin Baba, ta kalli wajen rumbu inda takalma ke kai da komo. Sannan ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata."

"Ta shigo, Kaka!"

Ta masunci ce da ɗansa, mun san ta. Uban kan kwanta bisa babban goran kamun kifi a kan ruwa, ya jefa kifi a ciki, ya rufe bakin da cikinsa. Ɗan na iyo a gefe yana jan koma, bai taɓa ganin cikin goran ba. Ya ƙudurta a ransa cewa goran cike yake, rowa ce kawai irin ta tsoho. Sai ya nutsa, ya huda goran ta ƙasa, ya riƙa zarar kifi. Uban ya liƙe da danƙo, ya ƙara danne bakin. Ɗan ya sake hudawa. Yadda muka sani, goran nitsewa yake yi, kada ya cafke ɗan, mu yi ta tafi. Amma ran nan Kaka ta ce a tsakiyar kogi uban ya sulale cikin ruwa, ya tura wa ɗan goran ya ce, "Hau."

Na yi tsalle. "Kaka, ba haka take ba! Kada ne ke cinye shi!"

"Ke kika kawo ta daga Katagum ko ni? Zauna, uwar iyayi."

Ta ci gaba, ta ce lokacin da ɗan ya hau ya leƙa, sai ya ga 'yan tarwaɗa da ba su isa miya ba, ga ruwa na shigowa ta hudar da shi ya yi. Da hannunsa ya toshe ta har gaɓa.

Ƙanena Sani ya ce, "Bai ƙara sata ba?"

"Ya ƙara mana, ai ba waliyyi ba ne. Amma uban bai karɓe goran ba. Nan ta tsaya, ɓera ya ja sauran."

Sai a lokacin na lura takalman sun yi shiru. Daga ɗakin Baba kuma muka ji tari, irin wanda ba na mura ba.

Da safe, lokacin fitar da awo, Baba ya jingina tsani a rumbu. A gidanmu babu mai leƙa rumbu sai shi, don kada iyali su ga hatsi ya ja baya hankalinsu ya tashi. Bai hau ba. Ya ajiye mudu a gindin tsanin, ya kalli katanga ya ce, "Wani ya hau ya ɗebo." Yaya na tsaye da ƙunshin kayansa a kafaɗa.  Can ya sauke ƙunshin, ya hau, ya ɗage murfin, ya tura kansa. Da ya sauko fuskarsa ta yi toka. Baba, har yanzu da katanga yake magana, ya faɗi inda tukunyar kuɗin gyaɗa take binne, da abin da za a cire na haraji, da cewa ragowar ce za ta kai mu sabon gero. Motar Kano ta tashi ba da Yaya ba.

Ba zan ce ya warke ba. Yawon dare bai bar shi ba, kuma akwai ranar da ya taɓa tukunyar, Inna ta yi kuka, muka sha kunu tsararo har ya yi ƙodago ya mayar. Baba bai karɓe mudun ba. Bayan mun manyanta na tambayi Yaya abin da ya gani. Ya ce, "Ƙasan rumbu na gani, Hauwa. Ni duk zatona cike yake, ni kaɗai ake hana."

Na daɗe ina ɗaukar abin da Baba ya yi a kan ganganci. Sai da nawa ɗan farin ya fara yi mini ɗauke-ɗauke, na kama kaina ina sauya wa akwati maɓoya, sannan tatsuniyar ta dawo mini. Na buɗe akwatin a gabansa, na ji abin da Baba ya ji a gindin tsanin nan. Baba ya rasu bai taɓa kiran sunan Yaya Habu ba, amma duk tuwon da ya ci daga ranar har ƙarshen ransa, hannun Yaya ne ya auno shi.