Akwatin Dokas da Tizhe

Duk wanda ya taɓa kai takarda a buga masa a unguwar Lamorde ta Mubi ya san Dokas. Ita ce matar nan mai ƙaramin shago kusa da masu niƙa, wadda ba ta ɗaga kai in tana aiki, ko da fasto ne ya shigo. 'Yan makaranta na tsokanarta wai kwamfutarta ta girmi kakarsu, don in ta gama aikin mutane sai ta buɗe wani baƙin allo, ba hoto ba launi, sai fararen haruffa a jere kamar kunyoyin gyaɗa. Su yi ta dariyarsu, yaran banza. Ba su san abin da take nema a ciki ba.

Mijinta Tizhe ne ya haɗa mata shi. Mutumin Michika ne, mai gyaran kwamfuta, ga taurin kai. Sabis ɗin Mubi a lokacin ai sai haƙuri, ka danna imel ka je ka ci tuwo ka dawo, yana nan yana juyi. Sai Tizhe ya sa musu manhajar da rubutu zalla take ɗaukowa. Wuni guda ya yi yana buga saitinta layi bayan layi, yana yi wa Dokas bayani. Saƙonnin ba a kwamfutar suke ba, suna can cikin wata babbar na'ura a ƙasar waje, wannan leƙawa kawai take yi ta rufaffiyar hanyar da ba mai iya karantawa a tsakani. Akwatin imel ɗin nasu ɗaya ne, shi ya buɗe daga laftof ɗinsa in aiki ya kai shi Maiha, ita ta buɗe daga shago. Saƙon da ba a karanta ba, harafin N na tsaye a gefensa. Da ɗayansu ya buɗe, ko daga ina, sai N ɗin ya ɓace musu su biyun.

Abu ɗaya ya ƙi yi, ajiye faswod, kalmar sirrin buɗe akwatin, a cikin na'ura.

Dokas ta ce, "Ka sa shi a ciki mana. Kullum sai na buga?"

Ya ce, "Madam, faswod a ka yake zama. Kuma kada ki taɓa sa sunan mutum, da shi ɓarawo yake farawa."

Sun daɗe ba haihuwa, har dangi suka gaji da tambaya. Sai a 2014 Dokas ta samu ciki. Tizhe ya gaya mata a kunne cewa in mace ce Selina za ya sa mata, kuma kada kowa ya ji sai ya faɗa da bakinsa.

A watan Oktoba 'yan bindiga suka shigo Mubi. Gari ya watse, wasu suka hau dutse, wasu suka nufi Kamaru. Tizhe ya ɗora ta a bayan wata a-kori-kura da ke bin hanyar Maiha, ya ce bari ya ɗauko laftof, zai same ta a gaba. Ta ga bayansa yana gudu da silifas ɗaya. Ganin ƙarshe ke nan.

A harabar wani coci a Yola ta haihu. Surukarta ta ce a kira yarinyar Hannah, Dokas kuwa ta bar shi haka. Wancan sunan na Tizhe ne, ba za ta faɗa a madadinsa ba.

Da aka koma gida, shago babu ko kujera. Edwin, ƙanen Tizhe, ya samo mata tsohuwar kwamfuta, ya mayar da saitin yadda yayansa ya yi. Sai ta shiga rubuta saƙo tana aika wa akwatin nasu, kamar mai magana da ɗaki. Hannah ta fara haƙori. An sake buɗe kasuwar shanu. Rufin bayan gida na yoyo. Saƙonnin suka taru, kowanne da N ɗinsa a gefe, ita kuma ba ta buɗe su.

Wata safiya ta kunna allon, ta ga N ɗin farko babu. Na biyu ma babu.  Ta aika aka kira Edwin.

Ya duba ya sake dubawa, ya ce, "Maman Hannah, laftof ɗin yana hannun mutanen nan. Mu canza faswod yanzu."

Ta ce, "Faswod ɗin ba ya cikin laftof, Edwin. Ka fi ni sani."

Edwin ya zauna. Su duka sun gane. Ko dai Tizhe na raye a wani daji, an riƙe shi saboda gyaransa, yana satar karantawa ba halin amsawa, ko kuwa daga bakinsa aka ƙwace kalmar kafin a gama da shi, kuma wanda ya yi hakan ne ke karanta labarin haƙoran 'yarta. Ta ƙi canzawa. Wace mace za ta kulle ƙofa alhali mijinta na iya kasancewa a waje?

Haka ta rayu. Bayan wata da watanni sai alamun N ɗin su ɓace gaba ɗaya, amsa kuwa ko harafi. Ta daina rubuta inda take kwana, ta daina ambaton unguwa. Tsoro take ji, wallahi, duk sanda ta ɗora yatsa a kan maɓalli, amma ba ta iya bari. Dangi suka yi masa addu'ar mamaci a coci, ta je ta zauna a baya, ta dawo ta rubuta masa wanda ya yi wa'azi da abin da aka dafa.

A 2017 kamfanin da ke riƙe da akwatin ya aiko cewa ɓarayi sun shiga musu, kowa sai ya canza faswod, in ba haka ba a rufe akwatinsa. Wannan karon ba zancen taurin kai. Tsohuwar kalmar za ta mutu ko ta so ko ta ƙi, kuma duk wanda ke can zai buga ya tarar a kulle. Edwin ya ba ta shawarar haɗa haruffa da lambobi. Ta ce ya fita ya ba ta wuri.

Ta daɗe tana kallon allon. Can sai ta karya dokar mijinta, ta sa sunan mutum. Sunan da bai taɓa fitowa daga bakin kowa ba tun ranar da aka raɗa mata shi a kunne, ba ya takarda, ba ya waya, ko yarinyar ba ta san nata ba ne.

Ta rubuta sabon saƙo cewa Hannah ta shiga makaranta. N ya tsaya a gefensa. Damina ta zo ta wuce, kogi ya cika ya janye, N na nan. Ta fara gaya wa kanta cewa ɓarawo ta kora, ta yi kuka irin wanda ba ta yi a coci ba.

Ranar wata kasuwa, ana tsakar hayaniyar injin niƙa, wani ɗalibi na tsaye yana jiran aikinsa, ta buɗe baƙin allon bisa sabo. Gefen saƙon fayau, babu N.

Ɗalibin ya ce, "Madam, lafiya? Takardata fa?"

Ba ta ji shi ba. Ta jawo kibod, ta buga, "Baban Selina, ka ci abinci kuwa?"