Gwangwanin lafiya da yatsun direba

Shekarun baya, ina shekara ta biyu a karatu a Alƙahira, na ɗauka haka Allah ya yi garin, komai da laushi kamar an shafe shi da madara. Da magariba fitilun hasumiyoyi sukan buɗe kamar furen auduga. Har baitoci na rubuta a kansu, ina ta yabon kaina da kaifin gani.

A lokacin ne yayana, wanda ke aikin jinya a Amurka, ya ba ni labarin wani asusu da yake da shi a can. Ni kuwa tun ina ƙarama ba na barin magana ta wuce ban tona ta ba.

Na ce, "Yaya, wato kuɗinka ne amma ba ka da iko da su?"

Ya ce, "Nawa ne mana, Auta. Daga albashi ake cirewa tun kafin a yanki haraji, a ajiye min. Sharaɗin ɗaya ne, na lafiya ne kawai. In na ɗiba na sayi takalmi, haraji ya hau kaina, ga kuma tara."

"To in shekara ta ƙare ba ka yi ciwo ba fa?"

"Suna nan suna jirana."

Kwana biyu ina juya wannan maganar a raina, kuɗin da ke zaune shiru suna jiran ranar da jiki zai gaza. Ni ba ni da albashi balle haraji. Tallafin karatu nake karɓa, shi ma da nasa sharaɗin: wadda ta faɗi jarrabawar shekara, an yanke mata. Duk da haka na wanke wani gwangwanin shayi, na rubuta masa "lafiya", duk wata ina jefa ɗan abin da ya samu.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya a Hayyus Sabi, wato Unguwa ta Bakwai, 'yar Damagaram ce mai baki kamar reza. Na ce mata, "Daga yau ke ce gwamnati. In na taɓa gwangwanin nan don wani abu daban, ki ci ni tara."

Ta ce, "Tamam. Wanke-wanken mako guda, har da tukunyar da ta kama."

Sau ɗaya na gwada ta, saboda wani diwanin waƙoƙi da na gani a shagunan littattafai na unguwar Darrasa. Mako guda na yi ina kankare ƙanzo tana zaune tana ba ni umarni. Daga nan ban ƙara ba. Sai dai na wuce gona da iri, na mai da gwangwanin abin tsoro. A raina, lafiya tana nufin gadon asibiti da ƙarin ruwa da tiyata. Ciwon kan da ke kama ni in na yi karatu kuwa, da layukan da ke hawa kan juna, shayi da na'ana'a nake ba su.

Ga jarrabawar baka ta matso. Malamarmu takan buɗe tsohon littafi duk inda hannunta ya faɗa, ta ce a karanta hashiya, wato ƙananan rubutun nan na gefen shafi da suka yi kama da jerin tururuwa. Wadda ta yi ta tuntuɓe, ta san makomarta.

Ranar darasin bita na ƙarshe na fita da sassafe zuwa Darrasa na sayo littafin, don in koma in tarar da 'yan ajinmu a aji. Wanda ya zauna a Alƙahira ya san ƙananan motocin haya ba su cika tsayawa a yi tambaya ba. Da hannu ake magana. Direba ya fito da hannu ta taga ya yi alama, kai ma ka yi taka, in sun dace ya rage gudu ka faɗa. Alamar unguwarmu yatsu biyu ce a buɗe suna kallon sama, siffar bakwai ta Larabci. A inda nake canza mota na hango hannu a taga, na ga kamar yatsu biyu, na shiga. Na zauna ina shinshina sabon littafi ina tunanin wani baiti. Da na ɗago kai, ina wata unguwa daban, Arba wa Nus, wato Huɗu da Rabi, tsakiyar masu turare da masu shayi 'yan Sudan. Kafin in dawo an tashi daga darasin.

Na shiga gida ina ba da labari ina dariya, wai direban ne bai iya alama ba. Ƙawata ba ta yi dariya ba. Ta tafi can ƙarshen baranda, ta ɗaga hannu.

"Ke, malama mai baitoci, yatsu nawa ne nan?"

Na ƙanƙance ido. "Biyu."

"Huɗu ne, wallahi. Khalas, magana ta ƙare, ɗauko gwangwanin."

Na ce ai wannan ba ciwo ba ne, gajiya ce. In na fasa ajiyar a kan tabarau, ranar da babbar cuta ta zo fa?

Ta ce, "Babbar cuta ita ce a sallamo ki gida da akwatinki. Ni dai gwamnati ce, na ba da izini."

Ban yarda ba sai da na kira mai asalin dabarar. Na ce, "Yaya, a wannan asusun naku, tabarau yana ciki?"

Ya yi dariya har da tari. "Auta, kin ɗauka zama nake ina jiran a yanka ni? Gwajin ido, haƙori, magani, duk da su nake biya. Ƙaramin abu ake tarewa kafin ya girma. Ki je gobe, kuma ki adana rasit, ni haka nake yi."

Washegari na je wurin wata likitar ido, dattijuwa mai sanyin hannu. Ta ɗora min wani firam mai nauyi tana canza gilasai ɗaya bayan ɗaya. Can ta saka wani, sai harufan bango suka miƙe tsaye, kowanne da iyakarsa. Na karanta su har layin ƙasa. Ta ce idona watsa haske yake yi, shi ya sa na nesa da na kusa duk suke cakuɗe min. Ta tambaye ni tun yaushe, na ce ban sani ba, na ɗauka kowa haka yake gani.

Ta ce, "Ma'alish, ya binti, ba komai 'yata. Yau za ki gaisa da duniya."

Ranar da na karɓo tabarau, tafiyar minti goma ta ɗauke ni kusan awa. Ashe bishiyar ƙofar gidanmu ganye ɗaiɗai gare ta. Ashe mai burodin layinmu yana da tabo a goshi, kuma duk gaisuwar da nake masa murmushi yake mayar min. A jarrabawa malama ta buɗe littafi ta ɗora yatsa a gefen shafi, tururuwan nan suka tsaya cak na karanta su har ta ce ya isa. Tallafina bai yanke ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne na koyi ajiya ban koyi buɗewa ba, alhali dabarar ba ta cika sai da duka biyun. Yanzu ina da asusu na daban a banki wanda ba na taɓawa sai don jiki, kuma ba na jiran sai na kwanta. Gwangwanin yana nan, rasit ne a ciki.

Abu ɗaya na rasa. Da magaribar farko na fita baranda na dubi hasumiya, sai na ga ƙwan fitila ne kawai, kore, da waya a jikinsa. Na ɗan ji zafi a raina. Ƙawata ta leƙo ta ce, "To, ina furen audugar?"

Na cire tabarau na riƙe a hannu. Na ce, "Ga shi can, bai je ko'ina ba." Da aka idar da kiran salla na mayar da shi, na shiga na buɗe littafi.