Waƙarmu ta Ambaliya a Bakin Wasu

Mu huɗu ne muka kafa ƙungiyar kiɗa a Haɗeja, a shekarun da noman alkama ya fara saya wa mutane babura. Ni ke buga ganga. Mai jitarmu malamin firamare ne ɗan Filato, shi ya zo da kaset ɗin wasu Turawa masu kiɗa da sauri kamar ana korarsu, muka ce mu ma haka za mu yi, amma da Hausa. Ƙanensa ke riƙe da jita ta biyu. Mawaƙinmu kuwa ɗan masunta ne daga Auyo, mai kai busasshen kifi Kano.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muke gwaji, a rumfar injin casar shinkafa. Dattawa suka ce hayaniya ce kawai, amma 'yan sakandare sun so mu. Mun yi wasa a bikin yaye ɗalibai da bukukuwan aure na ma'aikata. Waƙar da aka fi nema ita ce wadda muka yi shekarar da kogi ya cinye shinkafar fadama. Ba mu taɓa kai ta kasuwa ba.

Wata rana da hantsi ina wucewa ta tasha, sai na ji ta a shagon mai kaset. Amshinmu ne, ko kalma ɗaya ba a canza ba, amma muryar wasu 'yan Kano ce.

Da muka haɗu na faɗa musu. Malam ya jingine jitarsa, ya dubi mawaƙin.

"Wa ke zuwa Kano duk mako a cikinmu?"

"Malam, kifi nake kaiwa," in ji shi. "Ku da kuke da abokai makaɗa a Jos fa?"

Daga ranar komai ya zama abin dubawa. Mawaƙin ya zo da sabon takalmi, na ga Malam yana kallon ƙafarsa. Malam da ƙanensa suka yi magana da yarensu, abin da suka saba tun tuni, sai na tsinci kaina ina kasa kunne. Ni kaina na taɓa raka mawaƙin tasha ba don zumunci ba, don dai in ga ko akwai wani abu ƙarƙashin kwandon kifin. Kowa ya daina kawo sabuwar waƙa. Muka yi ta maimaita tsofaffi har mutane suka gaji da gayyatarmu. Da aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa Birniwa, ba wanda ya ce a nemi wani mai jita.

Sai bayan shekaru na tuna wani abu. Na taɓa naɗar gwajinmu da rediyona, na ara wa ɗan kawuna, direban motar Kano, kaset ɗin, yana sa wa fasinja a hanya. Bai dawo mini da kaset ɗin ba. Na je na tambaye shi.

"Yaya, kaset nawa suka ɓace a motar nan?" ya ce, yana goge gilashi.

Ina ganin mawaƙin a kasuwa har yanzu. Muna gaisawa, ya zaɓo mini kifi mai kyau. Ban faɗa masa ba. Kuma wani lokaci, idan ya cika yi mini fara'a, sai in ji ban gama yarda da shi ba.